Matambayi Ba Ya Ɓata: Jawabi Ga Malaman Gwandu Da Kalgo



Tun daga watan Nuwamba na shekarar 2022, da kamfanin OpenAI ya fito da ChatGPT, aikin gida da muke ba ɗalibai ya sauya kama. A 2024 kuma Meta AI ya shigo WhatsApp, duk mai babbar waya ya sami mai ba shi amsa a aljihu. Muna ganin sakamakon a aji: insha'i tsaf-tsaf, amma da an ce mai shi ya bayyana layi ɗaya da baki, sai ya sunkuyar da kai.

Wajibi ne mu san yadda ƙirƙirarriyar basira take aiki. An ɗura mata rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa, da su take hasashen kalmar da ta dace ta biyo bayan wata. Shi ya sa takan ƙaga sunan littafi ko shekara, ta faɗa ba ko ɗar. Abin da ta karanta da Hausa bai taka kara ya karya ba idan aka gwada da Turanci, don haka ta fi yin tuntuɓe a kan al'amuranmu.

Maganin yana gidanmu. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda hubbarensa ke Gwandu, ya rubuta Ida'un Nusukhi domin lissafa malaman da ya ɗauki ilimi a hannunsu da littattafan da ya karanta. Gadon da ya bar mana ke nan: kowace magana a san tushenta.

Shawarwarinmu uku ne. Na farko, duk ɗalibin da ya kawo amsa ya faɗi inda ya samo ta, ya kare ta da baki. Na biyu, mu sa yara su tambayi na'ura tarihin garinsu, sannan su gwada amsar da littafi da bakin dattawa, su kawo kurakuran da suka gano. Na uku, mu ware maki ga kyakkyawar tambaya kamar yadda muke ba amsa. Mu kanmu kada mu shiga aji da darasin da na'ura ta tsara sai mun tace shi.

Iyaye, ku riƙa tambayar yaro: yaya aka yi ka sani? Ba a shiga jarrabawar WAEC ko NECO da waya, kuma Jami'ar Tarayya da ke Kalgo masu tunani take jira. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya yi mana jagora. Wassalamu alaikum.