Jawabi Kan Sake Wa Shirinmu Na Ƙwallo Suna



Maganar da ta tara mu yau ta suna ce, kuma Bahaushe bai ɗauki suna da wasa ba, tun da har rago yake yankawa dominsa. Kamar yadda kowa ya sani, muna da ɗan shirin nan na murya da muke ɗauka kowane mako mu sa a intanet, muna sharhi kan wasannin ƙwallon ƙafa na jami'a. Da aka fara shi, sunan Ikara kaɗai aka laƙa masa, domin 'yan Ikara ne suka haɗa kuɗin makirufo. To, yanzu 'yan'uwanmu na Makarfi da na Kudan, waɗanda da su muke shan rana a bakin fili, sun ce sunan ya bar su a waje, har wasunsu sun daina zuwa ɗaukar shirin. Shawarar da ke gabanmu ita ce a ɗauko sabon suna daga waƙar da muke yi wa 'yan wasanmu. Mu kam mun goyi bayan haka.

Ga hujjarmu. A Kano aka kafa ƙungiyar Kano Pillars a 1990, sunan da ke takarda ke nan. Amma duk wanda ya taɓa shiga filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ranar wasa ya san abin da ke fita daga bakin jama'a, watau “Sai Masu Gida”. Da wannan kirari aka raka ta ta ci kofin lig na Nijeriya a 2008, ta sake ci sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014. Yau ko ɗan jarida ya rubuta Masu Gida, ba mai tambayar wa ake nufi.

Haka abin yake a Amurka, inda kusan kowace babbar jami'a take da waƙarta ta zuga 'yan wasa. Ta Jami'ar Michigan, mai suna The Victors, wani ɗalibi ne, Louis Elbel, ya tsara ta a 1898 don murnar doke Jami'ar Chicago da ci 12 da 11. 'Yan wasan ranar duk sun riga mu gidan gaskiya, waƙar kuwa ana nan ana rera ta. Mu ma ɗalibai ne, gobe za mu karɓi digiri mu watse, wani ya koma gonar rake a Makarfi, wani ta tumatir a Ikara, mu bar wa 'yan baya shirin.

Sai dai akwai wani hanzari ba gudu ba. Waƙar tamu tana da baitoci na zambo, inda ake ambaton garuruwan abokan karawa da abin da ba zai faɗu a gaban malamanmu ba. A fili, cikin ƙura da ganga, kowa na dariya. Amma shirin nan iyayenmu a gida suna saurarensa a waya. Saboda haka muna roƙon kwamiti ya tsaya a kan amshin kawai, wanda bai ambaci sunan gari ko ɗaya ba, a kuma bar kalmar Ikara a ƙarƙashin sabon suna tare da Makarfi da Kudan, don kada masu neman shirin su ɓace.

Shugaba, muna neman a kaɗa ƙuri'a yau, kafin a tafi hutu. Wassalam.