ABIN DA MUKA GANO A DANJA, MARAƊI DA GALMI

Jawabin jagoran tawagar ƙungiya a wajen taron shekara-shekara



Kamar yadda mahalarta wannan taro suka sani, kwamitin zartarwa ya ɗora wa mutum huɗu daga cikinmu nauyin tafiya Jamhuriyar Nijar domin mu duba ayyukan jinƙai da mishan ke gudanarwa saboda yara da mutanen ƙauyuka. Tambayar da aka aike mu da ita guda ɗaya ce: me ya sa ayyukansu ke shafe shekaru aru-aru suna tafiya, alhali sau da yawa rijiyar burtsatse ko ɗakin shan magani da ƙungiyoyin ci gaban garuruwa ke ginawa ba su cika daɗewa ba bayan ranar buɗewa? An zaɓi kudancin Nijar ne saboda harshenmu ɗaya, geronmu ɗaya, kuma ƙarancin ruwan sama da ke damun manomansu shi ne yake damun namu. Tun da gani ya kori ji, ga abin da idanunmu suka gani.

Wuraren da muka ziyarta duka suna da alaƙa da ƙungiyar mishan ta SIM, wadda mutanenta na farko suka sauka Ikko a 1893, ta kuma fara aiki a Damagaram a 1924. Ba baƙuwa ba ce a wurinmu, domin ita ce ta kafa asibitin ido na Kano a 1943, wanda a yau aka sani da asibitin ido na ECWA, kuma da wuya a rasa wani a cikin wannan zaure da bai taɓa kai tsohonsa can ba.

Mun bi ta Jibiya muka tsallaka iyaka, zangonmu na farko shi ne Danja, kudu kaɗan da Maraɗi. A 1956 aka kafa cibiyar domin masu fama da kuturta, a zamanin da mai wannan cuta ba ya da wurin zama sai bayan gari. A yau ana warkar da kuturta da haɗin magunguna na wata 6 ko wata 12, kuma tun 1995 ake ba da maganin kyauta ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya. Da masu kuturta suka ragu, ba a rufe wurin ba. An faɗaɗa shi ya zama asibitin kowa da kowa, sannan a 2012 aka buɗe cibiyar yi wa mata masu yoyon fitsari aiki. Galibin waɗannan mata doguwar naƙuda ce ta jawo musu lalurar, sau da yawa kuma sun rasa jaririn. Bayan an yi musu aiki ana koya musu sana'ar hannu kafin su koma gida, saboda macen da ta koma ƙauye da lafiya amma ba ta da abin yi, rabin matsalarta kawai aka warware.

Daga Danja muka shiga gonakin karkarar Maraɗi, kuma a nan ne muka ga abin da ya fi tsaya mana a rai. Gonakin gero ne irin namu, amma cike suke da itatuwa: gawo, kalgo, sabara, magarya da aduwa, tsaye a tsakanin kunyoyi. Dattawan wurin sun shaida mana cewa bayan farin shekarun 1970 wannan ƙasa ta zama fili fetal, iska na binne shuka da rairayi har manomi ya sake shuka sau biyu ko uku a damina ɗaya.

Wani masanin aikin gona ɗan ƙasar Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, wanda ya zo aiki ƙarƙashin SIM a farkon shekarun 1980, ya fara da rabon dashen itatuwa kamar yadda kowa ke yi a lokacin. Yawancin dashen ya mutu saboda fari da awaki da gara. A 1983 ya lura cewa ƙananan tsirran da manoma ke sassabewa duk shekara suna ƙonewa ba ciyawa ba ce, tofo ne daga kututturen itatuwan da aka sare tun da daɗewa, waɗanda saiwoyinsu ke nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Dabarar da ya kawo ba ta buƙatar kuɗi ko ban ruwa. Manomi zai zaɓi kututturen da yake so, ya bar rassa mafi ƙarfi da ba su wuce biyar ba, ya datse sauran, ya riƙa yi musu aski duk shekara. Da yake tsohuwar saiwa ce ke ciyar da su, cikin 'yan shekaru sai su zama itace. Mutanen wurin suna kiran wannan aiki sassaben zamani.

Abin bai karɓu da sauƙi ba. Waɗanda suka fara gwadawa an yi musu dariya, ana cewa ragwaye ne da suka kasa share gona. A yunwar 1984 aka haɗa rabon abinci da sharaɗin barin itatuwa a gona, amma da rabon ya ƙare, manoma suka sare kimanin kashi biyu bisa uku na itatuwan. Waɗanda suka bar nasu su ne suka zama hujja, domin maƙwabta sun ga suna samun itacen girki da harawar dabbobi, geronsu kuma ya fi kyau, musamman a ƙarƙashin gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya bar wa shuka rana, ya kuma ƙara wa ƙasa taki. Daga nan manomi ya riƙa koya wa manomi. Masu bincike sun ƙiyasta cewa itatuwa kimanin miliyan 200 sun dawo a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a Nijar. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood, kuma ƙungiyar World Vision ta kai dabarar ƙasashe da dama, ciki har da Habasha.

Wani zai ce, ina ruwan itace da yara? Uwar da ba ta yini a daji neman itacen girki tana da lokacin jaririnta. Akuyar da ta sami 'ya'yan gawo da rani tana ba da nono. Gidan da ke da itacen sayarwa a lokacin bazara ba ya rabuwa da iri ko tunkiya don sayen hatsi.

Zangonmu na ƙarshe shi ne Galmi, garin albasa, a kan babbar hanyar da ta tashi daga Maraɗi ta bi ta Madawa zuwa Birnin Ƙonni. Asibitin Galmi tun 1950 yake aiki, kuma har daga wannan gefe na iyaka ana kai masa marasa lafiya. Mun fi daɗewa a sashen yara masu tamowa. Uwa tana zama tare da ɗanta har ya farfaɗo, kuma a tsawon zaman ana nuna mata yadda za ta inganta kunun yaro da abin da ke cikin rumbunta da kasuwar ƙauyensu, kamar gero da wake da gyaɗa. An kuma nuna mana wani ɗan zare mai launi uku da ake auna damtsen yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5. Idan awon ya faɗa kan ja, wato ƙasa da santimita 11.5, yaron yana cikin haɗari, a garzaya da shi asibiti. Uwar da ba ta taɓa shiga aji ba tana iya koyon wannan awo a zama ɗaya. Asibitin yana kuma horar da likitocin fiɗa 'yan Afirka, domin kada aikin ya dogara ga baƙi har abada.

Jama'a, na san akwai tambayar da ke zukatan wasunmu, kuma bai kamata a yi mata kwana-kwana ba. Masu waɗannan ayyuka Kiristoci ne, ba su ɓoye addininsu ba, suna addu'arsu, suna wa'azinsu, kuma sun gaya mana cewa imaninsu ne ya kawo su. Mafi yawan masu jinyar da muka gani Musulmi ne, kuma ba mu ga an tambayi kowa addininsa kafin a duba shi ba. Uwar da ɗanta ke numfashi sama-sama za ta nufi ƙofar da take a buɗe ne. Duk wanda yake jin cewa ya fi dacewa yaran garinmu su sami kulawa daga hannun 'yan'uwansu, to maganar tasa tana da nauyi, amma guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Sai mu buɗe tamu ƙofar, mu kuma tabbata ba ta rufe ba.

Amsar tambayar da aka aike mu da ita, a fahimtarmu, ita ce zama. Waɗannan mutane sun zauna a wurin, sun koyi Hausa, sun jure shekarun da aiki bai ba da sakamako ba, sun gina a kan abin da suka tarar a hannun manomi da uwa. Mu kuwa da ke zaune a birane, yawancinmu sai da salla ko biki ko rasuwa muke leƙa gida, kuma gudummawarmu ta fi yawa a ranar da ake kiran suna a lasifika. Ginin da ba a tanadar masa albashin ma'aikaci da kuɗin gyara ba, ranar buɗe shi ita ce ranar da ya fara mutuwa.

Saboda haka tawagarmu tana gabatar wa wannan taro shawarwari huɗu. Na farko, kada a sake aza harsashin sabon aiki sai an ware masa kuɗin gudanarwa na shekara 5, sannan a fara da gyaran abin da aka riga aka gina. Na biyu, da yardar mai girma Hakimi, kowane dagaci ya ba da sunayen manoma biyu da ƙungiya za ta ɗauki nauyin kai su karkarar Maraɗi kafin lokacin sharar gona, su koyi sassaben zamani daga bakin manoma 'yan'uwansu, kuma masu unguwanni su tsaya a kan cewa itacen da mutum ya raina a gonarsa ba mai sare shi sai da izininsa. Mu da muke da gonakin gado a gida, mu fara da namu. Na uku, reshen mata ya haɗa kai da ma'aikatan lafiya na ƙaramar hukuma a koya wa iyaye mata awon damtse da haɗin kunu a kowace unguwa. Na huɗu, 'ya'yan garin nan likitoci da ma'aikatan jinya da malaman gona su tsara zuwa gida bi da bi a kowane wata, a rubuta sunaye da ranaku, a kuma karanta rahoton wanda ya je da wanda bai je ba a taron baɗi.

Daga ƙarshe, muna godiya ga kwamitin zartarwa da ya amince da mu, da rassan da suka haɗa kuɗin mota, da masu masaukinmu a Nijar da suka karɓe mu hannu bibbiyu ba tare da sun ɓoye mana komai ba. Masu iya magana sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Allah ya raya mana 'ya'yanmu, ya ba mu damina mai albarka, ya ƙara wa mai girma Hakimi lafiya da nisan kwana, ya kuma mai da kowa gidansa lafiya.