Ruwan Bakin Mahaifa da Kwanakin Ɗaukar Ciki

Tun da daɗewa malaman fiƙihu suka karantar da mata duban alamar tsarki bayan haila, ko ta bushewa ko ta farin ruwa, domin sanin lokacin wanka da salla. To, irin wannan dubawa, in an lizimce ta kullum, tana bayyana wani sirri na halitta, wanda likita John Billings da matarsa Evelyn suka tsara ƙa'idojinsa a ƙasar Ostareliya.

Bayan ɗaukewar jini galibi akan sami kwanakin bushewa, sa'an nan ruwa mai kauri da danƙo ya biyo baya. Amma idan ƙwai ya kusa fita, sai ruwan ya koma garau, mai santsi, yana miƙewa tsakanin yatsu biyu tamkar farin ɗanyen ƙwai. A cikinsa maniyyi kan rayu har kwana 5, alhali ƙwan mace ba ya wuce awa 24. Waɗannan kwanaki ne mai neman haihuwa za ta kiyaye, haka nan mai son tazara, bisa shawara da maigidanta.

Ruwan da ya zo da wari ko ƙaiƙayi kuwa alamar ciwo ce. 'Yar'uwa, a garzaya asibiti.