Jawabin Kwamitin Garka A Taron Shirin Damina: Mu Shibka Kayan Miyarmu



Magana ɗaya ta tara mu yau, ita ce tukunyar miya. Kowace ranar kasuwa matanmu na kashe kuɗi wajen dunƙulen miya da ganyayen Turawa, su farsil da seleri. Irinsu saye ake yi, sai da sanyi suke kyau, kuma kullum sai an ba su ruwa. Shi ko dunƙule, kusan rabinshi gishiri ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin babban mutum ya kai giram 5 a yini, saboda hawan jini.

Alhali kakanninmu sun yi miya mai ƙamshi da abin da Allah ya tsirar a ƙasar nan. Dattawan da sunka ga yunwar 1973 da ta 1984, da mu da munka ga ta 2005, mun san ranar da tafasa, yaɗiya, jiga da anza sunka yi muna. To, yau daji ya zama gona. Abin da ake tsinka a bayan gari jiya, yanzu sai mace ta yi tafiya mai nisa. In ba mu shibka su ba, ɗiyanmu za su tashi ba su san ko sunansu ba.

Ga abin da kwamiti ya shawarta.

Na ɗaya, ɗoɗɗoya. Ita ce ke ba miya ƙamshin da muke nema wajen ganyen kasuwa. A shibka ta kusa da randa, ruwan da ke zubewa ya ishe ta. A riƙa tsinke kanta don ta yi rassa.

Na biyu, yakuwa. A jera ta a iyakar gona tun shibkar fari. Ganyenta na ba da tsami, ƴaƴanta kuma su ne daudawar batso. Gidan da ke da batso da gabu bai buƙatar dunƙule kowace rana.

Na uku, gasaya. Sabon irinta ba ya tsira da kyau, sai ya kwana watanni a ajiye. Saboda haka irin bara za a shibka bana. Bayan sati 4 zuwa 6 ana fara tsinka. A tafasa ganyen, a zubar da ruwan farko, ɗacin ya ragu, sannan a yi kwaɗo.

Na huɗu, lalo da yoɗo domin yauƙi. Irin lalo na da taurin ɓawo: a ƙulle shi cikin tsumma, a tsoma a ruwan zafi ɗan lokaci kaɗan, a shanya, a shibka.

Na biyar, itace. Kukar da ta tsiro, da jiga, da aduwa, a bar su a gona, a gyara su. Wannan sassabin zamani a nan jihar Maraɗi anka fara shi cikin shekarun 1980, kuma kowa ya ga amfaninshi.

Gargaɗi biyu. Tafasa tana kama da rai-ɗore, shi kuwa ƴaƴanshi dafi ne ga yara. Wanda bai rarrabe su ba ya tambayi tsohuwa. Kuma ganye a inuwa ake shanya shi bisa tabarma, don rana na cinye launinshi da amfaninshi.

Iyayenmu mata, ku ne masu sani. Muna roƙon duk mai ɗan iri a ƙullin zane ko a gora ta kawo ma kwamiti kafin ruwa ya sauka, a raba. Wadda ta amshi cokali ɗaya, da kaka ta maido biyu. Magidanta, ku yanka ma mata gefen gona. Samari, shinge naku ne, don awaki ba su san ƙungiya ba. Malamin lakkol kuma ya kawo yara garka su koyi sunayen.

Da hanau gara mannau. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya bar mu tare. Amin.