Abin da Ya Sa Na Koma Aji da Furfura

Shugaban ƙungiya, malamanmu kuma iyayenmu, 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai.

Tun da na iso ake yi mini tsiya, wai me ya kai mai digirin injiniya karatun bala'o'i, har ya ajiye aikin gine-gine ya koma aji da furfura? To, ga amsa.

Muna yara dam ɗin Bagauda ya fashe a 1988. A 1994 ruwan dam ɗin Alau ya mamaye Maiduguri. A Satumbar 2024, bayan shekara 30 cif, dam ɗin nan dai ya sake ɓallewa, ya cinye garin. Da na ga haka sai na ce lallai akwai darasin da ba mu ɗauka ba, na nemi gurbin digiri na biyu a fannin rage haɗarin bala'o'i.

Abin da aka fara koya mana shi ne, ruwan sama daga Allah yake, amma yawan hasara daga hannunmu take. Mu muke gini a kan hanyar ruwa, mu cika magudana da shara, mu bar dam babu gyara. Yanzu ina koyon zana taswirar unguwannin da ruwa zai fara ci, da yadda ake gargaɗin jama'a kafin ya iso.

'Yan'uwa, rigakafi ya fi magani. Wanda ɗansa ke neman fannin karatu, ya nuna masa wannan. Malamanmu kuma, muna roƙon addu'arku.

Allah ya bar zumunci. Wassalam.