Tekun Da Ya Ƙafe A Gabashin Bauchi

Wannan shi ne jawabin da wani masanin ilmin duwatsu ya yi wa jama'ar Inkil, a bakin hanyar Gombe, game da neman man fetur a Kolmani.

Masanin ya fara da cewa Inkil da birnin Bauchi suna zaune ne a kan daɗaɗɗen dutse mai tauri, irin wanda ba ya haifar da mai, ba ya kuwa riƙe shi. Saboda haka duk wanda ke Ikko ko Fatakwal aka aika masa cewa ya sayi fili a nan don mai, to, ya riƙe kuɗinsa. Sai an miƙa gabas, wajen Alkaleri, sa'an nan ƙasa ta sake hali.

Kimanin shekara miliyan 95 da suka wuce, in ji shi, teku ya malalo ta kwarin Binuwai da Gongola, har ya ratsa inda Sahara take yau. Shaida tana nan a mahaƙar farar ƙasa ta Ashaka, inda ake tsintar ɓawon halittun teku ya zama dutse.

Aikin mai neman mai shi ne ya gano inda gaɓar tekun nan take, da inda zurfinsa yake. Yashi mai tsakuwa aikin kogi ne, kamar duwatsun Bima. Baƙin laka mai laushi kuwa, wanda ya kwanta falle-falle, ba ya taruwa sai a ruwa mai zurfi marar motsi, inda iska ta yi ƙaranci har matattun ƙananan halittu ba sa ruɓewa. Irinsa ake samu a duwatsun Pindiga da Fika. In ƙasa ta binne shi, zafi ya dafa shi shekaru aru-aru, sai ya zama mai da gas. Amma laka ba rumbu ba ne. Dole man ya tsiyaya cikin yashi mai ƙofofi, wani lakan kuma ya rufe shi ta sama, in ba haka ba ya tsere. Wanda ya kuskure wannan taswira ya haƙa rijiyar banza, ga shi kuwa rijiya guda tana cin dukiya mai yawa.

Ya tuna wa jama'a cewa da wannan karatu aka sami rijiyoyin Bonga a cikin tekun Kudu, waɗanda suka fara ba da mai a 2005. Yashinsu ya gangara ne daga gaɓa zuwa zurfi, kamar zaftarewar tudu.

A Kolmani, kamfanin Shell ya haƙa rijiya a 1999, ya sami gas, ya tashi. Kamfanin mai na ƙasa, NNPC, ya koma a Fabrairun 2019, ya ba da labarin samun mai a watan Oktoba na shekarar, kana Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin a Nuwamban 2022.