Kakana ya tafi yaƙin Hitila da sunan wansa

Bari in fara da tambaya. A cikinku wa ya san kakansa, ko kakan babansa, ya yi sojan Faransa? Ku ɗaga hannu. To madalla. Wa ya san lambarsa ta soja? Kun gani, hannuwa duk sun sauka. Ni ma haka nike shekara uku da sunka wuce.

Kakana, mahaifin babana, ban iske shi da rai ba. Abin da na tashi ina ji cikin gidanmu shi ne ya je yaƙin Hitila, ya dawo ba ya yarda a rufe masa ƙofar ɗaki ko da hunturu. Yana ba da labari wai ya yi shekaru yana noman dankali cikin sanyi, Jamusawa na tsaye kansa da bindiga. Mutanen gari na dariya, suna cewa wanda ya tafi yaƙi me ya kai shi gona, ai kan tsoho ya taɓu. Da wannan shaidar ya rasu.

Ranar da na buɗe adakarsa, gara ta riga ni. Littafinsa na soja ya zama gari, sai lambar yabo guda da wani ɓallin takarda mai rabin lamba. Da wannan na fara. Shekara guda cur ina nema da sunansa, ban samu komi ba.

Sai daga baya na gane dalili. Rundunar da ake kira tirayer senegale, Faidherbe ya kafa ta a 1857, kuma sunan Senegal ɗin ruɗi ne kawai: Bamabare, Bamoshe, Bazabarme, Bahaushe, duk sunansu ke nan. Daga 1919 anka yi dokar shiga soja dole, shekara uku. Kumandan ya aiko wa sarki adadin samarin da yake so, sarki ya raba wa masu gari, likitan soja ya duba ƙirji da haƙora, a ɗauki wanda anka ɗauka. Magatakarda kuwa abin da kunnensa ya ji shi yake rubutawa. Mahamadu ya koma Mamadou, sunan ƙauye ya karkace har mai ƙauyen ba zai gane shi ba, ranar haihuwa babu, sai a dubi fuskarka a rubuta “né vers” shekara kaza. Saboda haka suna shi kaɗai ba ya kai ka ko'ina. Abu uku ke buɗe ƙofa: lambar soja, shekarar da anka ɗauke shi, wadda suke kira “classe”, da sarkal ɗin da anka ɗauke shi, Damagaram ne, Tasawa ne, Tawa ne ko Ƙonni.

Amma ni matsalata ta wuce ta rubutu. Wata rana ina kuka da wahalar nan gaban gwaggona, ita ce babbar ƴarsa, sai ta ce: “Kai ɗan nan, ai Baba ba da sunansa ya tafi ba.” Na ce, “Gwaggo, kamar yaya?” Ashe wansa anka kira, shi kuwa matarsa ba ta daɗe da haihuwa ba, sai ubansu ya ce ƙaramin ya je. Ya je ya amsa sunan wansa shekara shida. Abin da na yi shekara ina nema a intanet, yana bakin tsohuwar da nike gaishewa kowace Juma'a, ban taɓa tambayarta ba. Kunya ta kama ni ƙwarai.

Da sunan wan nasa da rabin lambar nan na rubuta wasiƙa da Faransanci zuwa garin Pau, a kudancin Faransa, inda cibiyar ajiyar takardun ƙananan sojoji take, har da na ƙasashen da sunka yi wa mulkin mallaka. Sun nemi takardar da ke nuna dangantakata da shi, kuma ku tuna sunan da ke wurinsu ba na kakana ba ne, sai da na yi dogon bayani. Watanni sunka wuce, har na fid da rai, sai ga shafi biyu. Sunan takardar “état signalétique et des services”, ku riƙe shi, ita za ku nema. Tana faɗin tsawon mutum, tsagen fuskarsa, ranar da anka ɗauke shi, jirgin ruwan da ya shiga, rundunar da ya bi, har ranar sallama. Tsagen da sunka kwatanta na kakana ne, gwaggo ta tabbatar.

A tsakiyar shafin akwai layi guda: an kama shi fursuna a watan Yuni na 1940. Nan na tsaya karatu. Jamusawa ba su so baƙaƙen fursunoni cikin ƙasarsu ba, sai sunka tsare su a sansanonin da ake kira Frontstalag cikin Faransa ɗin kanta, suna fitar da su aikin gona, da daji, da masana'antu. Senghor ma ya zauna irin wannan sansani a Poitiers. Daga 1943 har hafsoshin Faransa anka sa suna gadin waɗansu daga cikinsu, wato waɗanda sunka yi yaƙi tare. Kakana ma ya yi sa'a da anka kama shi da rai, don a Chasselay, kusa da Lyon, cikin wannan watan, Jamusawa sun ware baƙaƙen sojojin da sunka miƙa wuya sunka harbe su.

Sai na yi sauri na duba ranar dawowarsa, gabana na faɗuwa. Kun san Thiaroye. Ranar 1 ga Disamba 1944, kusa da Dakar, sojojin Faransa sunka buɗe wuta kan irin waɗannan tsoffin fursunoni don sun nemi kuɗinsu da anka riƙe. Rahoton soja ya ce mutum 35, masana tarihi irin su Armelle Mabon na cewa ɗaruruwa ne, kuma sai a 2024 shugaban Faransa ya yarda ya kira abin kisan kiyashi. Nawa kakan a 1945 ya dawo, bai faɗa ciki ba.

Da na karanta wa gwaggo maganar fursuna da aikin gona, ta daɗe ba ta ce komi ba. Sannan ta ce in sake karantawa gaban ƙannenta.

Wanda nasa bai dawo ba, ya fara da shafin Mémoire des hommes, kyauta ne, ko a salula yana buɗewa, kuma ku gwada sunan ta rubutu uku ko huɗu. Takardun fursunoni da na mamatan yaƙi na biyu suna garin Caen. Na gwamnatin AOF suna Dakar, rahotannin sarkal kuma akwai su gidan ajiyar takardun tarihi na ƙasa a Yamai. Mu na bakin iyaka, Maraɗi, Magarya, Ƙonni, ku tambaya da kyau: waɗansu kakannin sun tsallaka Najeriya sun shiga sojan Ingila, sun je Bama, su kam Faransa ba ta da takardarsu.

Abu biyu zan faɗa muku don kada wani ya ce na ruɗe shi. Na farko, wanda ya zo nan da lissafin kuɗi ya rage buri. Dokar 1959 ta daskarar da fanshon tsoffin sojojin Afirka, ba a daidaita shi baki ɗaya da na Faransawa ba sai 2011, lokacin mafi yawansu suna kabari. Wannan zalunci ne, kuma ya kamata mu ci gaba da faɗa, amma takardar nan ba cek ba ce.

Na biyu, ba kullum za ka iske abin da kake so ba. Wani zai ga kakansa da ƙafarsa ya shiga, ba kama shi anka yi ba. Wani zai ga Madagaskar 1947, ko Indoshin, ko Aljeriya, inda anka tura baƙi su murƙushe waɗanda ke neman ƴancinsu. Seyni Kountché kansa ya bi ta Indoshin da Aljeriya. Ina jin waɗansunmu a Facebook suna kiran mutanen nan karnukan nasara, waɗansu kuma na kiransu jarumai duka. Ni duka biyun ba su gamsar da ni ba tun ranar da na riƙe takardar mutum guda. A watan Oktoba na 2024, da anka cire sunan De Gaulle daga titin Yamai anka sa na Djibo Bakary, na yi tafi kamar kowa. Amma ranar nan ban iya faɗin sunan rundunar kakana ba, kuma takardar da Faransa ke riƙe da ita har gobe sunan wansa ta sani, wanda bai taɓa ganin teku ba. Gyaran nan ba su za su yi mana shi ba.

Asabar mai zuwa za mu zauna nan daga ƙarfe tara. Kowa ya zo da abin da ya samu a adaka, ko ɓalli ne. Kada ku liƙe shi da sikoc, kada ku yi ƙoƙarin miƙe takardar da ta naɗe, ku sa ta cikin ambulan yadda take. Za mu ɗauki hoto, mu taimaka da rubuta wasiƙar Faransanci. Kafin nan ku je wurin mafi tsufa a gidanku, musamman mata, ku kunna rikoda ta salula, ku tambaye su da wane suna ya tafi, kuma wa ke sarauta shekarar da anka ɗauke shi. Mai tambaya ya ɗaga hannu, akwai sauran minti goma.